Yadda ake curin shokola mai ƙanshin lemu

Lokacin sanyi ne lokacin lemu. Wanda duk ya bi ta Tondibiya, yamma da Yamai, a bakin kogin Isa, zai ga garake sun yi kore shar, zai ga masu talla da faranti cike da lemu. Ana sha, ana jefar da ɓawo a ƙasa. To, wannan ɓawon da muke zubarwa yana da amfani. A cikinsa ne ƙanshin lemu yake. Yau za mu ga yadda uwargida za ta haɗa shi da shokola, ta yi wata alawa ta tarbar baƙi, ko ta suna da biki, ko ta sayarwa.

Faransawa suna ce wa wannan alawa turuf. Asalinsa sunan wani irin naman kaza ne da yake girma a ƙarƙashin ƙasa, baƙi, kamar ɗan dunƙulen laka. Alawar ta yi kama da shi, sai ta ci sunansa. Mu dai mu ce mata curin shokola, don curawa ake yi da hannu kamar fura ko dakuwa. Macen da ta iya tuwon madara ta riga ta san rabin aikin.

Daga ina shokola take fitowa?

Daga ƴaƴan wata itaciya ake yin ta, mai suna kakawo. Mutanen Najeriya suna cewa koko, amma kada mu rikita shi da kokon da muke sha da ƙosai da safe. Asalin itaciyar daga Amurka ta Kudu ne. A 1879 wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irinta Gana daga tsibirin Fernando Po. A yau Kodebuwa da Gana su biyu suna noma fiye da rabin kakawon duniya. Tsofaffinmu da suka je ci-rani Kumasi sun ga ana shanya shi a rana.

A nan Nijar ba ya yi. Yana son inuwa, yana son ruwan sama wajen milimita 1500 a shekara. Yamai kuwa abin da take samu bai cika wuce milimita 600 ba. Don haka saye muke yi, kuma da tsada. A 2024 kuɗin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wannan shi ya sa bai kamata a yi ɓarnar ko cokali ɗaya ba.

Hanyar Turawa ba ta dace da zafinmu ba

A Faransa ga yadda suke yi. Su yayyanka shokola baƙa giram 200. Su tafasa kirim, wato maiƙon da yake tasowa a saman madara, mililita 100, su zuba a kai. Su juya har ta narke, su sa a firiji awa 2, sa'an nan su cura. Tana da daɗi, babu gardama. Amma akwai matsala biyu.

Ta farko, man da yake cikin shokola yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 34. Jikin mutum digiri 37 ne, shi ya sa take narkewa a baki. A Yamai kuwa, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Kafin yarinya ta kai faranti ƙofar gida, alawa ta koma kunu. Ta biyu, kirim yana lalacewa da sauri in babu firiji, ko in wutar lantarki ta ɗauke. Alawa tana iya lalacewa a ciki alhali a waje ba a ga kome ba. Yaro ya ci, cikinsa ya ɓaci. Wannan ba abin wasa ba ne.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da mu, daga ƙasar Birazil, inda su ma suna da zafi. Su ba sa narka shokola. Garin kakawo suke dafawa da madarar gwangwani mai sukari. Suna kiran alawar birigadero, don tunawa da wani hafsan soja, Birgediya Eduardo Gomes, wanda ya nemi shugabancin ƙasar a 1945. Bai ci zaɓe ba, amma alawar ta ci. Mutanen Tondibiya, maƙwabtan barikin soja, ga alawa mai galan.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta fi jure zafi shi ne, an matse yawancin mai daga garin kakawo. Wani mutumin Holan mai suna Van Houten ne ya fito da injin matsewar a 1828. Ita kuma madarar gwangwani, kusan rabinta sukari ne, sukari mai yawa kuwa yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa da sauri.

Kayan da za ki tanada

Madarar gwangwani mai sukari, ƙaramin gwangwani 1, mai giram 397.
Garin kakawo, babban cokali 3 ko 4.
Bota, babban cokali 1.
Ɓawon lemun zaƙi 1, ko na lemun tsami 2.
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.
Soyayyar gyaɗa dakakkiya, ko riɗi, na birgimawa.

Wajen sayen madara ki duba ranar da aka rubuta a gindin gwangwani. In ta wuce, ko gwangwanin ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ki bar shi. Ki tabbata kuma mai sukari ce, mai kauri, irin wadda masu shayi suke zubawa. Mai ruwa-ruwa marar sukari ba ta kamawa. Garin kakawo na gaskiya yana da ɗaci in kin lasa. Garin da ake kaɗawa a sha da burodi yana da sukari da wasu abubuwa a ciki. Ana iya yi da shi in babu wancan, amma alawar za ta yi zaƙi ƙwarai, ɗanɗanon shokola kuma ya ragu.

Maganar ɓawo

Nan ne aikin yake, don haka mu tsaya a kai. Ki ɗauki lemu ki duba fatarsa da kyau. Za ki ga ƴan ƙananan ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo ɗan rumbun mai ne. Shi ne yake fesowa ya shiga idon yaro in ana ɓare lemu. Wannan man muke so.

Ki fara wanke lemun sarai da ruwa mai tsabta, ki goge shi ya bushe. Wasu masu garake suna fesa magani, ga ƙurar hanya, ga hannuwan kasuwa. Sa'an nan ki goga shi a kan abin gogar kuɓewa, ta wajen ƙananan ramuka. Saman fata kaɗai za ki goge. Da kin ga fari ya bayyana, ki juya wani gefe. Wannan farin yana da ɗaci, kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata tukunya guda. In babu abin gogawa, ki fere fatar da wuƙa mai kaifi, siriri-siriri, ki yayyanka ƙanana kamar gero.

Kada ki ƙi lemu don kin gan shi kore. Sanyin dare ne yake sa fatar lemu ta koma ruwan ɗorawa. A ƙasashe masu zafi lemu yana nuna a ciki fatarsa tana kore. Na Timiya, can cikin duwatsun Ayar inda ake sanyi sosai, ya fi yin launi mai kyau. Amma na Gaya da na bakin kogi, ko kore ne, ƙanshinsa yana nan. Abin da za ki guje wa shi ne lemun da ya yi yaushi, ko wanda fatarsa ta fara ruɓewa.

Ruwan lemun fa? Ki ba yara su sha, kada ki zuba a tukunya. Ni ma na yi wannan kuskure ranar da na fara gwadawa. Na ce bari in ƙara ƙanshi, na matse lemun tsami a cikin madara tana kan wuta. Nan take ta tsinke, ta yi gudaji kamar za a yi cuku. Gwangwani guda ya tafi a banza. Tsami da madara mai zafi ba sa shiri.

Dafawa

Ki sa wuta kaɗan. Garwashin gawayi da ya fara lafawa ya fi harshen itace. Ki tankaɗe garin kakawo don kada ya yi gudaji. Ki zuba madara, da garin, da bota, da gishiri a tukunya mai kaurin gindi. Ki riƙa juyawa da muciya ko cokalin katako, kina kai shi har gindin tukunya. Kada ki tashi. In an yi sallama a ƙofa, ki sauke tukunya tukuna, don madara mai sukari tana kamu cikin ƙiftawar ido, in kuwa ta kamu ƙaurin ba ya fita.

Bayan minti 10 zuwa 15 za ta yi kauri. Ga yadda ake gane ta yi: ki ja muciya a tsakiya. In kin ga gindin tukunya, kuma alawar ba ta rufe wurin nan da nan ba, to, ta yi. Ga mai zafin ɗaki, ƙara minti 2 ya fi, don ta ƙara tauri.

Ki sauke, sa'an nan ki zuba ɓawon lemu ki juya. Ba a sa shi tun farko, don wuta tana kore ƙanshin. Ki juye a faranti da kika shafa wa bota, ki rufe da kwando ko ƙyalle mai tsabta saboda ƙudaje, ki bar ta ta huce sarai.

Kafin curawa ki wanke hannu da sabulu. Ki tuna, daga nan alawar ba za ta sake ganin wuta ba. Abin da yake hannunki shi zai shiga bakin mai ci. Ki shafa bota kaɗan a tafin hannu, ki ɗiba da ƙaramin cokali, ki mulmula. Ki birgima a cikin gyaɗa, ko riɗi, ko garin kakawo. Gyaɗar ma ki tsince ta tun kafin suya, ki fitar da duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta yi baƙi, don tana ɗauke da dafi mai lahanta hanta. Gwangwani 1 yana ba da curi 20 zuwa 25, gwargwadon girman da kika yi.

Mai son sayarwa ta yi lissafi

Ga misali, ke kuma sai ki sa farashin kasuwarku. Mu ce kayan duka da gawayi sun ci jika 1, wato dala 200. Kin sami curi 24. Kin sayar da kowane dala 10. Kin tashi da dala 240. Ribarki dala 40 ke nan. In guda 4 suka narke, ko yaran gida suka ɗanɗana, babu riba ko tamma. A ganina wannan ba alawar talla cikin rana ba ce. Ta fi kyau ga wadda aka ba aiki tun da wuri, na suna, ko biki, ko goron Salla, aka kuma ba ta kuɗin kaya a hannu. Mai yin da yawa ta sayi babban gwangwani mai kilo 1, ya fi sauƙi. Kuma in an buɗe gwangwani aka rage, a juye sauran a kwano mai murfi.

Ajiya kuwa, a watan Disamba da Janairu, lokacin da dare yake sauka ƙasa da digiri 20, alawar tana kwana 2 ko 3 a kwano mai murfi. Ki ajiye kwanon a inuwa, bisa jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. A firiji tana yin sati guda. In bazara ta shigo, ki dafa da yamma, ki cura da asuba, a cinye a ranar.