Ɓuntun Shinkafa Tsakanin Indiya da Najeriya

A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da dalar shinkafa a kan hanyar filin jirgin saman Abuja. Shanshera ce a buhunan, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. An yi ta lissafin abincin da za a samu, amma makamashin da ke cikin ɓuntun bai shiga jawabin kowa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a bayan injin casa a Kura ko Lafiya ya san abin da ake nufi. Ɓuntu ne tsibi guda, wani yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na shiga gidajen mutane, alhali injin da ya fitar da shi dizal yake sha. Mata kan ɗiba su danƙara a gwangwani, su kafa muciya a tsakiya su zare, ramin da ta bari ya zama hanyar iska. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai iyakarta tukunya ɗaya.

Indiya ta ɗauki wannan ɓuntu da muhimmanci. A 2007 wasu matasa suka haska ƙauyen Tamkuha na jihar Bihar da shi, aikin da ya haifi kamfanin Husk Power Systems. Ana gasa ɓuntun a tanderu mai ƙarancin iska, sai ya saki gas, a tace shi, ya juya janareta. Ƙaramin inji ɗaya kan wadatar da gidaje ɗaruruwa. Indiyar ma tana da nata ciwon: manoman Punjab da Haryana na ƙone ciyawar shinkafa a Oktoba da Nuwamba, hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi. Shi ya sa a 2021 ma'aikatar lantarki ta umarci tashoshin kwal su riƙa gauraya aƙalla kashi 5 cikin 100 na curin ragowar amfanin gona. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma ragowar ta samu mai saye.

Mu kuwa takarda muka tara. Hukumar Makamashi ta Ƙasa da ke Abuja ta fitar da babban tsarin makamashi mai sabuntuwa a 2005, aka yi manufar man tsirrai a 2007, aka ƙara wata manufa a 2015. Duk da haka buhunan gawayi ne ke shigowa Abuja ta Abaji da Kwali, daji na ƙarewa. Da Husk ɗin ya zo jihar Nasarawa a 2021, da hasken rana ya fara, ba da ɓuntu ba.

Ba na goyon bayan a kwashe karan dawa da harawa a kai tashar lantarki. A Arewa kara abincin dabba ne, danga ne, makamashin talaka ne, abin da ya saura kuma ƙasa na bukatarsa. Ɓuntu daban yake, domin a wuri ɗaya yake taruwa, ba sai an bi gona-gona ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu. Kano da Kebbi da Nasarawa za su iya ba manyan masana'antun casa lasisin samar da wuta daga ɓuntunsu, da tabbacin sayen rarar a kan farashin da aka rubuta a yarjejeniya.