Kasuwancin intanet: manhajojin kyauta da ke nuna inda masu saye ke kuɓucewa

Mai shago a babbar kasuwar Maraɗi yana ganin komai da idonsa: wanda ya shigo, wanda ya taɓa atamfa ya ajiye, da wanda ya ji farashi ya juya. Wanda ya buɗe shago a intanet kuwa ba ya ganin kowa. Sai ya biya kuɗin talla a Facebook, ya zauna jiran kira, bai san ko mutane sun leƙo sun koma ba, ko ma ba su zo ba. Akwai manhajojin da ke ƙirga masa wannan, ba tare da ya biya ko dala ba.

Wadda aka fi sani ita ce Google Analytics, da ta fito a 2005. Tun ranar 1 ga Yulin 2023 sabon samfurinta, GA4, ya maye gurbin tsohon. Ana manna ƴar alama a cikin shafin, daga nan sai ta riƙa nuna yawan baƙi, ƙasar da suke, ko da salula suka shigo, da hanyar da ta kawo su.

Google Search Console kuma tana nuna kalmomin da mutane suka rubuta a Google kafin su ga shafin, har na watanni 16 da suka wuce. Mai sayar da kilishi a Yamai zai gane ko da Faransanci ake neman kayansa ko da Hausa, ya gyara rubutunsa daidai da haka.

Clarity, ta kamfanin Microsoft, da aka buɗe wa kowa a 2020, tana nuna da launi inda baƙi suka fi taɓawa, da inda suka yi ta dannawa abu ya ƙi buɗewa. Idan hotunan kaya sun yi nauyi, mai ƙarancin data ya gaji ya fita, a nan ake gani.

Sai dai yawan baƙi ba shi ne ciniki ba. A Nijar, galibin cinikin intanet a WhatsApp yake ƙarewa: a yi taya, a daidaita, a turo kuɗi ta Nita ko Amana, a sa kaya a mota zuwa Tawa ko Damagaram. Don haka lissafin da ya fi amfani shi ne mutum nawa suka danna maɓallin WhatsApp, kuma daga ina suka fito. GA4 tana ƙirga irin wannan dannawar da ke fitar da baƙo daga shafi. Idan baƙi 500 suka zo ta talla, 3 kawai suka danna, jika biyar ɗin da aka kashe ta tafi a banza.

Kyautar ma tana da sharaɗi, domin bayanan baƙi na tafiya rumbun kamfanonin Amurka. A Fabrairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ce yadda Google Analytics ke kai su can ya saɓa wa dokar Turai ta lokacin. Nijar ma tana da tata hukumar, HAPDP. Mai son riƙe bayanansa a hannunsa zai iya amfani da Matomo, wadda kyauta ce idan ya girka ta a rumbun shafinsa, amma sai da taimakon masanin kwamfuta.

Ga mai ƙaramin jari, duba lissafin sau ɗaya a mako ya isa ya nuna masa tallar da zai ci gaba da biya da wadda zai dakatar.