Neman tallafin kuɗin haya da gidan gwamnati a Amurka: yadda ake shiga layi da abin da ya wajaba Musulmi ya kiyaye

Tambaya

Muna zaune a Amurka, kuɗin haya yana cinye fiye da rabin abin da muke samu. Yaya ake neman tallafin gwamnati, kuma ya halatta mu karɓa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: menene wannan tallafin?

Ka sani, ya ɗan'uwa, manyan hanyoyin guda biyu ne, kuma duka suna ƙarƙashin ma'aikatar gidaje ta tarayya da ake kira HUD, wadda aka kafa a 1965. Ta farko ita ce gidajen gwamnati, waɗanda suka samo asali daga dokar gidaje ta 1937. Hukumar gidaje ta gari ce mai gidan, kai kuma ɗan haya ne a wurinta. Ta biyu ita ce takardar tallafin haya da aka fi sani da Section 8, wadda tushenta dokar 1974 ce. A nan kai ne za ka nemo gida a hannun mai gida na kasuwa, hukuma ta riƙa biyansa wani kaso kai tsaye, kai kuma ka cika sauran.

A duka biyun, abin da ke kanka kusan kashi 30 cikin 100 ne na kuɗin shigar iyalinka na wata, bayan an yi rangwame saboda yara, tsofaffi ko masu naƙasa. Wanda aka lissafa masa dala 2,000 a wata, nasa kason zai kama kusan dala 600.

Na biyu: wa ya cancanta?

Ana auna kuɗin shigarka da matsakaicin abin da iyalai suke samu a yankinku, gwargwadon yawan mutanen gidanka. A Section 8, galibi ba a so ya wuce kashi 50 cikin 100 na wannan matsakaicin, kuma doka ta ce kashi 75 na sababbin takardun su tafi ga mafi ƙarancin samu, wato waɗanda suke wajen kashi 30 ko ƙasa da haka. A gidajen gwamnati iyakar ta kai kashi 80. Sannan akwai sharaɗin matsayin zama: ɗan ƙasa, mai katin zama na dindindin, ɗan gudun hijira da wanda aka ba mafaka suna cikin masu cancanta, mai bizar ziyara ko ta karatu ba ya ciki. Ana kuma bincika tarihin laifi na manyan gida.

Na uku: layin jira

Cancanta daban, samu daban. Kuɗin da majalisa take warewa ba ya isar kowa, don haka kusan iyali ɗaya cikin huɗu na masu cancanta ne yake samun tallafi. Wannan ne ya sa layi yake ɗaukar shekaru, hukumomi da yawa ma suna rufe shi. A birnin New York, inda unguwar Bronx take da 'yan'uwa da yawa daga Afirka ta Yamma, hukumar NYCHA ta buɗe layin Section 8 na mako ɗaya a watan Yunin 2024, bayan ya kusa shekara 15 a rufe. Iyalai sama da 600,000 suka nema, aka zaɓi 200,000 ta hanyar ƙuri'a domin shiga layin kawai, ba domin karɓar takarda nan take ba.

Saboda haka ka lura da waɗannan:

1. Ba HUD ake kai wa takardar nema ba, hukumar gidaje ta gari ko ta gunduma ake kai wa. Ya halatta a doka ka shiga layin hukumomi da yawa a lokaci guda, sai dai wadda ba a yankinta kake ba tana iya sharɗanta ka zauna a can shekara ɗaya kafin ka tashi da takardar zuwa wani wuri.

2. Nema kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya shi ya saka ka a layi ko ya matso da sunanka gaba, ko dai ɗan damfara ne, ko mai neman cin hanci, kuma duka biyun ka nisance su.

3. Kowace hukuma tana da waɗanda take fifitawa, kamar marasa matsuguni, mazauna yankin, tsofaffin sojoji ko waɗanda suka gudo daga cin zarafi a gida. Idan kana cikinsu, ka faɗa tare da shaida.

4. Ka sanar da su a rubuce duk lokacin da ka sauya adireshi, lambar waya ko imel. Hukumomi suna aika wasiƙa lokaci-lokaci don tantance masu jira, wanda bai amsa ba a cire shi. Da yawa sun rasa jiran shekaru saboda wasiƙa ɗaya da ta je tsohon gida.

5. Ka tanadi takardun haihuwa, katin shaida, lambar Social Security ta kowa, takardun albashi da bayanan banki tun kafin a kira ka.

Idan takardar ta fito, ana ba ka aƙalla kwana 60 ka samo gida, kuma kana iya neman ƙari kafin wa'adin ya cika. Sai hukuma ta duba lafiyar gidan kafin ta fara biya. Idan an ƙi ka, kana da haƙƙin neman a sake duba lamarin, amma cikin kwanakin da wasiƙar ta ambata. Dokar 1968 kuma ta hana mai gida ya ƙi ka saboda addininka, launin fatarka ko ƙasar da ka fito.

Na huɗu: hukuncin karɓa

Babu laifi ga mabuƙaci ya karɓa. Ba bashi ba ne balle a ce akwai riba a ciki, ba zakka ba ce, ba kuma roƙon da aka zarga ba ne. Dukiyar jama'a ce da hukuma ta ware bisa sharuɗɗa, kuma karɓar kyauta ko taimako daga wanda ba Musulmi ba halal ne matuƙar bai jawo saɓon Allah ba. Ƙuri'ar ma ba caca ba ce, domin ba ka zuba kuɗi ba. Hanya ce ta zaɓe tsakanin masu haƙƙi daidai, kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Na biyar: inda haramcin yake shigowa

Halaccin yana rataye ne da gaskiyar abin da ka rubuta. Ƙarya haramun ce ko ga wanda ba Musulmi ba, kuma wanda ya zauna a ƙasa da izininta ya ɗauki alkawarin ba zai ha'ince ta ba. Abubuwa uku ne aka fi faɗawa cikinsu:

Ɓoye kuɗin hannu, kamar na tuƙin tasi, kitso ko ƙaramin ciniki. Fom ɗin yana tambayar duk abin da ke shigowa, ba albashi kaɗai ba.

Ɓoye wanda yake zaune a gidan. Ke 'yar'uwa, idan mijinki yana kwana yana tashi a gidan, ba ya halatta ki rubuta ke kaɗai ce da yara da hujjar cewa a masallaci aka ɗaura auren ba a kotu ba. Abin da aka tambaya shi ne su wa suke zaune a gidan da abin da suke samu.

Ba da gidan haya ga wani, ko barin dangi a ciki alhali kai ka koma wani wuri. Wannan saɓa yarjejeniya ne, kuma kuɗin da aka karɓa ta haka ba halal ba ne.

Ka tuna wanda ake zalunta a nan ba gwamnati ce kaɗai ba. Tunda guraben ƙididdigaggu ne, duk wanda ya shiga da ƙarya ya tare wurin wata bazawara ko wani tsoho da suka fi shi buƙata. A duniya ma abin yana da sakamako: ana sabunta bayananka duk shekara, ana gwada su da bayanan albashi da ke hannun gwamnati, kuma wanda aka kama yana iya rasa gidan, ya biya abin da ya ci, har da tara ko ɗauri.

Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan, ya tuba ga Allah, ya daina, ya gyara bayanansa, ya mayar da abin da ya karɓa ba bisa haƙƙi ba. Hukumomi da yawa suna yarda a biya kaɗan-kaɗan, kuma yana da kyau ya fara shawartar lauyan ofishin taimakon shari'a na kyauta kafin ya je. Wanda kuma Allah Ya buɗa masa, ya sanar da ƙarin samunsa ko da kasonsa zai hau.

Muna roƙon Allah Ya wadata ku da halal, Ya ba ku matsuguni mai albarka.

Allah ne Mafi sani.