Bazara: Yadda kuskuren haɗa waya ɗaya ke ƙone sabon kwamfiresan kilim ɗin mota

Da zarar watan Maris ya kama, garejin masu gyaran sanyin mota a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai suke cika. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, tafiya kan babbar hanyar RN1 ba kilim kuwa azaba ce, musamman ga yara, tsofaffi da marasa lafiya. Shi ya sa mai mota kan daure ya sayi wani kwamfiresa idan nasa ya mutu. Sai dai da yawa ba sa wata guda sai sun koma gareji da matsalar da suka kai tun farko. Sau da yawa laifin yana wajen haɗa waya.

Akasarin motocinmu na hannu ne, waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, kayan gyaransu ma galibi an ciro su ne daga wasu motoci. Don haka kwamfiresan da aka samu a kasuwa yana iya zama daram a mazauninsa, amma kan wayarsa ya saba da na motar. Wani waya ɗaya gare shi, wutar tana komawa ta jikin ƙarfensa, abin da masu gyara ke kira mas. Wani kuma waya biyu ne. A nan ne mai gaggawa yake yanke kan wayar, ya murɗa ta da hannu, ya naɗe da salatif.

A yawancin tsofaffin motoci bel ɗin inji yana juya ƙafar kwamfiresa koyaushe, amma cikinsa ba ya aiki sai wutar bolt 12 ta shiga kulocin maganaɗisu da ke gabansa. Wutar ba ta zuwa kai tsaye. Tana bi ta fizibil da rele, kuma relen ba ya ba ta hanya sai makunnin da ke auna ƙarfin gas da wanda ke auna sanyi sun yarda. Waɗannan su ne masu gadin kwamfiresa.

Babban kuskuren da aka saba yi shi ne tsallake su, a jawo waya daga batir ko makunnin mota zuwa kuloci. Nan take sanyi zai zo, mai mota ya biya ya tafi da murna. Amma man da ke shafe cikin kwamfiresa tare da gas yake zagayawa. Ranar da gas ya tsiyaye, babu abin da zai tsayar da shi, zai yi ta juyawa a bushe har ya cije. Idan kuma fankar gaba ta mutu, ko ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi, ƙarfin gas zai hau har tiyo ya fashe.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu mai suna diyod da ake samu a wayar wasu kuloci, wanda ke kare kwamfutar mota lokacin da wuta ta yanke. Idan aka juya wayoyin biyu, fizibil zai ƙone nan da nan. Maganinsa a gyara haɗin. Sa fizibil mafi girma, ko cusa zaren tagulla a gurbinsa, hanya ce ta jawo gobara.

Mai gyaran da ya san aikinsa yakan cire kan batir kafin ya taɓa waya, sannan ya auna kulocin da mita. Lafiyayye yakan nuna tsakanin om 3 zuwa 5. Yakan nemo kan wayar da ya dace, ya kuma nisanta ta daga bel da zafin salansa.

Motocin zamani sun fi buƙatar hattara. Wasu kwamfiresansu ba su da kuloci sam. Bawul ne a jikinsu da kwamfutar mota ke sarrafawa, don haka bai halatta a ba shi wutar batir kai tsaye ba. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Toyota Prius kuwa, kwamfiresansu da babbar wuta yake aiki. Wayoyinsa masu ruwan lemo na iya kashe mutum, kuma mansa daban ne.

Waya kaɗai ba ta isa ba. Idan tsohon kwamfiresa ya cije, ɓarɓashin ƙarfe ya riga ya bazu, sai an wanke bututai, an canja tukunyar da ke tsotse danshi, an zuƙe iska da inji kafin a zuba gas. Nau'in gas da yawansa suna rubuce a takardar da ke liƙe ƙarƙashin murfin inji. Yawancin motocinmu R134a suke sha, yayin da sababbin motocin Turai tun 2017 suka koma R1234yf.

Kafin mai mota ya biya, ya kamata ya tambaya ko wutar ta bi ta rele da makunnin gas. Ya kashe maɓallin kilim ya ga ko tsakiyar kuloci ta daina juyawa, ya sake kunnawa ya ga ko fankar gaba ta tashi. Minti biyar ɗin nan na iya hana shi sayen kwamfiresa sau biyu a bazara ɗaya.