Ayaba cikin bargo: yadda Turawa ke tsare ta lokacin ɗari

Ayaba ɗiyar zafi ce. Da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 14, sai girmanta ya tsaya; in ya kai sifili, ganyenta ya baƙe cikin dare guda. Duk da haka, a Faransa da Ingila da Jamus akwai masu garka da ke shuka ta a fili, inda ƙanƙara ke sauka kowace shekara.

Irin da suka fi shukawa shi ne wanda masana ke kira Musa basjoo. Ana ce masa ayabar Japan, amma asalinsa ƙasar Sin ne. Ba don ci ake shuka shi ba, domin ƴaƴansa cike suke da ƙwallaye. Don ado ne. Ayabar da Faransawa ke ci kuwa, daga tsibiran Martinik da Gwadalup da ƙasashe irin su Kodibuwa da Kamaru jiragen ruwa ke kawo ta.

Abin lura shi ne, jikin ayaba ba itace ba ne. Gindin ganyaye ne suka naɗe juna, kuma galibinsa ruwa ne. In ruwan ya daskare, sai jikin ya ruɓe ya faɗi. Saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa takan tsira ta sake tofo, amma tsawon da aka yi shekara biyu ko uku ana reno ya tafi ke nan, furen da ake jira ma haka. Sanyin watan Fabrairu na 2012 ya yi irin wannan ɓarna a garake da dama na Faransa.

Don haka wajejen watan Nuwamba, bayan ƙanƙarar farko, mai garka yakan sare ganyen, ya kewaye jikin da ragar waya irin ta gidan kaji, ya cusa busasshen haki tsakani har ya cika. Gindin kuma ya lulluɓe shi da busassun ganyaye masu kauri. Daga sama sai ya ɗora leda kamar malfa, don kada ruwan sama ya shiga. Ba a naɗe jikin duka da leda, saboda laima ta fi sanyi saurin kashe ta. Ana buɗewa kaɗan-kaɗan daga Afrilu, amma masu hattara sukan ajiye mayafi kusa har tsakiyar Mayu, lokacin da sanyin ƙarshe kan yi bazata.

A garakenmu na Maraɗi da Damagaram ƙanƙara ba ta sauka, sai dai daren Disamba da Janairu kan rage wa ayaba hanzari, iskar hunturu kuma ta yayyage ganyenta ta busar da ƙasa. Darnin kara ta gabas da arewa, da shimfiɗar haki a gindi, su ne bargonta a nan. Kuɗinsu kaɗan ne, asarar da suke karewa kuwa ta shekara guda ce.