Khal ɗin Modena: Yadda Ruwan Inabi Ke Tsufa a Cikin Ganga

A arewacin ƙasar Italiya akwai wani birni mai suna Modena, wanda duniya ta fi saninsa da ƙera motocin tsere, alhali kuwa abin da tsofaffin gidajensa suka fi alfahari da shi, suke kuma gadar wa 'ya'ya da jikoki, shi ne wani baƙin khal mai kauri da ake yi da ruwan inabi, wanda ba ya isa a kai shi kasuwa da sunansa na asali sai ya shekara 12 a cikin gangunan katako. Sha'anin ya daɗe ƙwarai, domin marubutan tarihinsu sun ruwaito cewa a shekarar 1046 Sarki Henri na Uku na Jamus, yana kan hanyarsa ta zuwa Roma, ya nemi mai mulkin Kanosa, wani gari da ke kusa da Modena, ya aiko masa da khal ɗin wannan yanki.

Kafin a shiga bayanin sana'ar, wajibi ne a kawar da shubuhar da za ta ɗarsu a zuciyar mai karatu, tun da yake inabin da ake yin khal da shi, da shi ne ake yin giya. Sukarin da ke cikin ruwan inabi, idan yis ya ci shi, barasa yake zama. Idan kuwa aka bar iska ta shiga, sai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda Luwi Fasto na Faransa ya yi bayaninsu a wajajen 1864, su juyar da barasar ta koma tsami, maye ya gushe. Fuƙaha'u sun tattauna wannan mas'ala a babin istihala, kuma sun haɗu a kan cewa giyar da ta rikiɗe ta zama khal da kanta ta tsarkaka. Saɓaninsu yana kan wadda aka juyar da gangan: Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta, shi kuwa Shehu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa da malamanmu ke karantarwa a zaure, ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci.

Idan kaka ta yi, sai a matse inabi, galibi irin da suke kira Trebbiano da Lambrusco, a dafa ruwan a buɗaɗɗiyar tukunya bisa wuta marar ƙarfi har ya ragu ya yi duhu. Daga nan sai a hau da shi can saman bene, ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara ke gasawa, sanyin hunturu kuma ke ratsa ƙashi, domin zafin ne ke motsa tsamin ya kuma ƙafar da ruwa, sanyin kuwa shi ke kwantar da gurɓi. A can ake jera ganguna biyar ko fiye, daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin itacenta, wannan na ok, waccan na ceri ko junifa, kowace kuma da ƙofa a bisanta wadda ba a toshewa, sai dai a rufe ta da ƙyalle.

A nan ne hikimar take. Sau ɗaya a shekara mai gida zai ɗebi kaɗan daga ƙaramar gangar, ya cike gurbin da na wadda ke bi mata, ita ma ya cike ta daga ta gaba, haka har a kai ga babbar, wadda ita kaɗai ce ke karɓar sabon ruwa. Saboda haka babu gangar da ake ƙarar da ita, babu kuma cokali guda da za a ce shekarunsa kaza ne daidai, sai dai a ce bai gaza kaza ba. Al'amarin ya yi kama da silsilar ilimi, inda kowane ɗalibi ke ɗauke da wani abu na malamin malaminsa. A ganina wannan ya fi yawan shekarun muhimmanci, domin ruwan inabin da aka dafa da sakaci, ko an ajiye shi ƙarni guda, tsufa kawai zai yi, ba zai gyaru ba.

Ba a yarda da shaidar mai kaya a kan kayansa. Sai an kai samfuri gaban ƙwararrun maɗanɗana, su ɗaga shi a hasken kyandir su duba launi da kauri, su shinshina, sa'an nan su ɗora ɗigo a harshe suna neman daidaito tsakanin zaƙi da tsami, ta yadda ɗaya ba zai danne ɗaya ba. Wanda ya tsallake, a zuba shi a 'yar kwalba mai cin mililita 100, wadda Giorgetto Giugiaro, mashahurin mai zanen motoci, ya tsara siffarta. Wanda ya kai shekara 25 kuma a ba shi daraja ta musamman. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta ba wannan suna kariyar doka.

Wannan na masu hali ne. Wanda talaka ke saye a kanti, mai hatimin IGP, gauraye ne na dafaffen ruwan inabi da khal na yau da kullum, wani lokaci da ɗan ƙonannen sukari domin launi, kuma kwana 60 sun ishe shi a doka, sai fa idan an rubuta cewa tsoho ne, wanda ke nufin shekara 3. Bai kamata a raina shi ba, don kuwa shi ne ya dace da kwaɗon ganye da jiƙa nama kafin gashi, tun da wuta tana kore ƙamshin tsohon. Su kansu mutanen Modena ba sa dafa mai tsadar, ɗigo biyu ko uku suke sawa a kan cukunsu na Parmigiano bayan an sauke abinci. Mai saye ya duba jerin abin da aka haɗa a jikin kwalbar: idan dafaffen ruwan inabi ne aka fara ambata, to zai fi kauri da zaƙi, idan kuwa khal ne a gaba, tsaminsa zai fi kaifi.