Rauni da Ritayar Dole: Wa Ke Ɗaukar Asarar Gwiwar Ɗan Wasa?

A watan Nuwamba na 1966, Sandy Koufax, gwanin jifa na kulob ɗin Los Angeles Dodgers a wasan besbol na Amurka, ya sanar da cewa ya bar wasa yana ɗan shekara 30. Ba ƙwarewarsa ce ta ja baya ba, domin a kakar nan ya ci wasa 27, aka kuma ba shi kambin gwarzon masu jifa karo na uku. Gwiwar hannunsa na hagu ce ta lalace, har yana tsoron kada hannun ya mutu masa gaba ɗaya. Bayan shekara takwas, a wannan kulob ɗin dai, jijiyar gwiwar hannun wani bahagon, Tommy John, ta tsinke. Likitan kulob, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ya dasa masa, aikin da ba a taɓa yi wa ɗan besbol ba. John ya dawo fili a 1976, bai ajiye wasa ba sai 1989, yana da shekara 46. Ciwon mutanen biyu ba iri ɗaya ba ne sak, amma labarinsu ya isa ya nuna cewa ranar da ɗan wasa zai yi ritaya ba jikinsa kaɗai ke yanke ta ba. Likitan da ya samu, da wanda ya biya likitan, da albashin da ya ci gaba da shigowa yana kwance, su ne ke da babban rabo a hukuncin.

Ba a buga besbol a Doguwa, ba a buga shi a Tudun Wada ko Kiru ko Bebeji, yankinmu na jihar Kano. Abin da ake bugawa tamaula ce, a filayen makarantun firamare, sai kuma dambe idan kaka ta yi. Duk da haka darasin besbol ya shafe mu, saboda babu wasan da aka bi raunukansa da lissafi kamarsa, kuma abin da lissafin ya tono shi ne ke faruwa da yaranmu ba tare da an rubuta ba. Kowane kulob a babbar gasar Amurka yana buga wasa 162 a kaka guda. Mai jifa aikinsa ya wurga ƙwallo ta wuce mai riƙe da kulki, kuma kulob-kulob sun gano cewa gwargwadon gudun ƙwallo gwargwadon wahalar dukanta. Sai aka koma biyan gudu. Daga 2008 zuwa 2024 matsakaicin gudun jifa ya tashi daga wajen mil 91 a sa'a zuwa sama da mil 94, alhali jijiyar gwiwar hannun ɗan Adam tana nan yadda Allah ya halicce ta. Yau kusan ɗaya cikin uku na masu jifa a gasar an yi musu irin tiyatar Tommy John, har da Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin da ya fi kowa tashe. Rahoton da hukumar gasar ta fitar a Disambar 2024 ya ɗora laifin a kan neman gudu da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci. Mafi muni, abin ya gangaro kan yara: ɗan sakandaren da ke son masu farautar 'yan wasa su gan shi ya san na'urar auna gudu suke kallo, don haka yake jifa rani da damina ba hutu.

Wannan shi ne tushen lamarin: duk inda aka ɗora lada a kan abin da ke cin jiki, ɗan wasa zai ci jikinsa da hannunsa, kuma ba wauta ce ta sa shi ba. Saurayin da ya taso daga Riruwai ko Kwanar Ɗangora zuwa Kano don gwajin shiga wata makarantar ƙwallo, kwana kaɗan yake da su ya nuna kansa cikin taron takwarorinsa. In idon sawunsa ya kumbura bai isa ya faɗa ba, don layin masu jiran gurbinsa ya fi ƙarfin kirge. Zai sha maganin kashe zafi, ya ɗaure ƙafa, ya shiga. Targaɗen da hutun mako biyu ko uku zai warkar sai ya zama ciwon shekara. Ya kuma ga hujja da idonsa: Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, daga nan Turai ta buɗe masa. Gidan kallon ƙwallo yana nuna wa matasa wanda ya haye kowane ƙarshen mako, ba ya nuna waɗanda suka koma gonar masara da ɗingishi.

Dambe ma ya bi wannan hanya, kuma a nan kamanninsa da besbol sun fi fitowa. A da, dambe wasan kaka ne. Mahauta da samarin ƙauye sukan zaga gari-gari bayan an kawar da amfanin gona, da damina ta faɗi kowa ya koma fawa ko garma, hannu da muƙamuƙi su samu watanni suna hutawa. Ba likita ne ya tsara wannan hutu ba, yanayi ne, amma aikinsa ɗaya da dokar da Amurkawa suka ƙirƙiro daga baya ta ƙayyade yawan jifan yara. Yanzu da dambe ya zauna a gidajen wasa na birni, irin dandalin Ado Bayero a Kano da Dei-Dei a Abuja, ana karɓar kuɗin ƙofa ana kuma ɗora faifai a YouTube, kaka ba ta ƙarewa. Ɗan damben da ke ci daga kuɗin fita da karin 'yan kallo, ranar da bai ɗaura zare ba babu abin cefane. Wanda aka buge jiya har ya ga taurari, yau kiɗa na tashi zai fito, kuma illar dukan kai a kan dukan kai ba a fili take bayyana ba, sai bayan shekaru, lokacin da makaɗa sun daɗe da komawa kan wani.

Inda muka rabu da Amurka shi ne abin da ke biyo bayan rauni. A can, ƙungiyar 'yan wasan besbol, tun da Marvin Miller ya karɓi ragamarta a 1966, ta yi ta ja-in-ja da masu kulob har ta kai ga cewa kwantiragin babban ɗan wasa ana biyansa ko yana gadon asibiti, kulob ne ke ɗaukar nauyin tiyata da gashin ƙashi, kuma kwana 43 a jerin 'yan wasan babbar gasa sun isa mutum ya fara cancantar fansho. Asarar raunin tana kan mai kulob, saboda haka shi ma yana da dalilin kula da hannun da ya saya. A Najeriya akasari asarar tana kan mai gwiwar. Ƙa'idojin FIFA ba su yarda a kori ɗan wasa don ya ji ciwo ba, sun kuma ba shi damar soke kwantiragi in an riƙe masa albashin wata biyu, amma wannan kariya ta mai takarda ce a hannu, wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai buga wa ƙungiyar unguwa ko ta ƙaramar hukuma ba shi da ko ɗaya. Ko a babbar gasa, inda yawancin kulob-kulob mallakar gwamnatocin jihohi ne, labarin bashin albashi ba baƙo ba ne, kuma in mai wasa yana bin bashi, ina ga wanda ke kwance.

Manyanmu ma da suka kai Turai sun nuna fuskokin abin biyu. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna da ya taso a Ranchers Bees, ya ci kofin Afirka a 1994 da zinaren gasar Olympics ta Atlanta a 1996, amma ciwon gwiwar da ya kama shi wajen gasar duniya ta 1998 ya gama da shi kafin ya cika 30. Emmanuel Amunike, gwarzon Afirka na 1994, gwiwa ce ta hana shi more zamansa a Barcelona. Waɗannan sun samu likitocin da ake ji da su, abin bai yiwu ba, domin ba kowane rauni ne kuɗi ke gyarawa ba. Sai dai a dubi Nwankwo Kanu: gwajin lafiyar da Inter Milan ta yi masa a 1996 ne ya gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi wasa har 2012. Samuel Okwaraji kuwa ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, bai tashi ba. Bayan shekara talatin da ɗoriya, a Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi, ya rasu. A shekarar da ta biyo baya zuciyar ɗan ƙwallo Christian Eriksen ta tsaya a fili a ƙasarsu Denmak, aka farfaɗo da shi nan take da na'ura, bayan wata takwas ya koma wasa a Ingila.

Akwai kuma haɗarin da ɗan besbol bai san shi ba, wato hanya. 'Yan wasanmu a mota suke ratsa ƙasar nan, wani lokaci su sauka da daddare su buga washegari da ƙafafu a sanƙare. A Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. Ranar 31 ga Mayu, 2025, motar tawagar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan titin Zariya zuwa Kano, dab da wannan yanki namu, mutum sama da 20 suka rasu.

Za a ce rauni ƙaddara ce, kuma haka ne. Amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma manomin Doguwa da ya yi imani cewa yabanya ta Allah ce bai fasa zuba taki ba. Za a kuma ce Amurka ƙasar masu kuɗi ce, kwatanta ta da Tudun Wada zalunci ne. Wannan suka tana da nauyi, sai dai ta manta da abin da lissafin besbol ya nuna: kuɗi da tiyata ba su rage yawan raunuka a can ba, wasu masana ma suna ganin sun ƙara wa matasa ƙarfin halin yin ganganci, tunda suna zaton hannu in ya tsinke akwai gyara. Abin da ke rage rauni tun kafin ya faru abu ne mai araha: hutu tsakanin wasa da wasa, alƙalin da ke hukunta ƙeta, fili da aka tsince duwatsunsa aka cike ramukansa, da ɗumama jiki yadda ya kamata. Tsarin motsa jiki na minti 20 da FIFA ta fitar da sunan 11+ ba ya buƙatar na'ura, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku ga ƙungiyar da ta lizimce shi. Gasar cin kofin da ake matse wasanninta cikin 'yan kwanaki don ta dace da ranar da ɗan siyasa zai zo miƙa kofi, ba talauci ne ya matse ta ba.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta masu ɗori. Mutumin Doguwa yana iya cewa asibitin ƙashi na Dala tafiyar sa'o'i ce, sai an ratsa dajin Falgore, ga kuɗin mota, ga na hoto, ga layi, alhali maɗori yana bayan gida kuma ya ɗora ƙafafu da yawa sun warke. Gaskiya ne, karayar da ba ta da rikici takan haɗe a hannun gwanin ɗori. Matsalar ita ce raunin da ya fi kashe sana'ar ɗan ƙwallo ba na ƙashi ba ne. Jijiyar da ke cikin gwiwa in ta tsinke, hannu ba ya ɗora ta, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Kumburi zai saɓe, yaro ya taka ƙafa ya ji daidai, ya koma fili, gwiwar ta riƙa gocewa tana cin guringuntsi har ta ƙare. Don haka ba yaƙi da maɗora ake buƙata ba, illa su da masu horarwa su san alamomin da ke cewa wannan ba tasu ba ce, a tura gaba tun da wuri.

Dole a faɗi wani abu ko da ba daɗi: wani ɓangare na abin da ake kira ritayar wuri a ƙwallon Najeriya ritayar kan kari ce, shekarun takarda ne suka yi ƙarya. Wannan ne ya sa FIFA ta shigo da gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda Kano na cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta. Rage shekaru yana da tasa ɓarnar, domin yaro na gaskiya ɗan 15 shi ke karo da ƙato ɗan 22 a gasar da aka ce ta yara ce, kuma ƙashin yaron ne bai gama ƙwari ba.

Tunda gwamnatin Kano ce mai Pillars, kuma Ahmed Musa, wanda ya san yadda kulob ɗin Turai ke riƙe majinyacinsa, shi aka naɗa babban manajanta a 2025, a nan ya fi sauƙi a fara mayar da asarar kan wanda ke da ikon rage ta: inshorar da ɗan wasa zai riƙe takardarta da hannunsa, albashin da ba ya tsayawa don jinya, gwajin zuciya kafin kowace kaka, da jerin majinyata da ake fitarwa a fili kamar yadda gasar besbol ke yi, don a san wane fili da wace irin tafiya ke cin 'yan wasa. A matakin ƙananan hukumomi kuwa, hukumar ƙwallon jiha tana da ikon ƙin amincewa da kowace gasa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa sai mai ɗaukar nauyinta ya ware wani kaso na kuɗin kofi don jinya, ya ajiye ma'aikacin lafiya da mota mai tashi a bakin fili, ya kuma bar aƙalla kwana biyu tsakanin wasannin kowace ƙungiya.